Taimakon da Ɗalibin Kemistiri Yake Buƙata



Da zarar jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, sai ka ga 'yan sakandare a birnin Katsina sun bazama neman taimako a kan kemistiri. Wasu na zuwa darasin yamma, wasu na bin yayyensu da ke Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wasu kuma na tura hoton tambaya ta WhatsApp suna jiran amsa.

Neman taimako ba laifi ba ne, amma wane irin taimako? Yaron da aka saba miƙa wa amsa, ranar gwaji a ɗakin bincike asirinsa ke tonuwa. Za a ce ya riƙa ɗiga asid cikin ruwan alkali har launi ya sauya, ya karanta awo, ya yi lissafi da kansa. A nan hadda ba ta fisshe shi.

Malamin kirki kuwa daga gida yake farawa. Ya matsa lemon tsami a kan kanwa, yara su ga kumfa na tashi, sannan ya rubuta musu abin da ya faru a allo.

Kada mu manta, marigayi Shugaba 'Yar'aduwa kemistiri ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma koyar kafin ya shiga mulki.

Iyaye, ku daina biyan kuɗin satar amsa. Hukumomi, ku wadata makarantu da kayan gwaji. Ɗalibai, ku nemi wanda zai fahimtar da ku.