Jawabi Ga Dattawa A Kan Zangon 'Yan Birged

Iyayenmu dattawa da 'yan'uwa daga Ikara, Maƙarfi da Kudan,

William Smith ne ya kafa ƙungiyar Birged a birnin Gilasgo a 1883, ta iso Legas a 1908. A zangonsu na farko, 1886, cikin wani zaure yaran suka kwana. Mu ma ajin makaranta muke ara, sai tabarma, gidan sauro da rijiya. Da asuba addu'a da fareti, da rana nazarin Littafi Mai Tsarki da koyon taimakon gaggawa, da yamma ƙwallo.

Mun sani dogon hutu cikin damina yake faɗowa, masara da rake suna jiran hannu. Amma yaron da ya tashi a ƙauyen da Masihiyawa gida uku ne kacal, yakan ɗauka shi kaɗai ne. A zango yake ganin 'yan'uwansa, ya ji ƙarfi.

Roƙonmu: ku sakar mana su mako guda. Kowace ekklesiya ta kawo kwanon hatsi, zumuntar mata ta taimaka da girki.

Ubangiji ya yi mana jagora. Amin.