Awon Fatar Kwanon Rufi a Ɗakin Binciken Jami'a

Jama'a, kowa ya san halin kwanon rufi. Magidanta biyu su rufa ɗakunansu shekara ɗaya, na wannan ya daɗe yana sheƙi, na wancan kuwa bayan 'yan damuna kaɗan ya yi ja da tsatsa, ya soma yoyo. Dalilin yana bisa fatar kwanon. Ainihinsa baƙin ƙarfe ne, sai a tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya ta lulluɓe shi. Muddin tutiyar tana nan, ita ruwa da iska za su riƙa ci, ko da kwanon ya ɗan ƙurje. Ran da ta ƙare, tsatsa ta sami ƙofa.

Kwano mai nagarta, irin mai lamba Z275, yana ɗauke da tutiya giram 275 a kowane murabba'in mita, fuska biyu a haɗe. Watau kaurin kowace fuska kamar kashi 20 ne cikin 1,000 na milimita, bai kai silin gashi ba. Ido ba ya rarrabe shi da wanda aka yi wa ƙwauron tutiya. A kanti duka sheƙi suke yi.

To, nan ne amfanin ɗakin binciken jami'a. Ma'aikata su yanki ɗan guntu, su goge bakinsa, su sa shi cikin madubin ilaktaron mai girmama abu sau dubbai, sai ga tutiya kwance bisa ƙarfe, a auna ta.

Akwai kuma shafen da ya fi wannan siranta nesa ba kusa ba, kamar na gilashin tabarau. Irinsa Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana da injin aunawa. Injin yana harbin fatar abu da ƙwayoyin hiliyam, ƙarfin da suka komo da shi ya nuna irin sinadarin da suka buga da zurfinsa. Tushen dabarar aikin Ernest Rutherford ne a Manchester ta Ingila, cikin 1911.

Ɗan kwangilar da zai rufa makaranta ko asibiti, lalle ya kamata ya nemi awo kafin ya biya kuɗin kaya. Ya ɗebi guntaye daga ɗauri dabam-dabam, kada daga na sama kaɗai. Mai kai shafe siriri kuwa kada ya taɓa fuskarsa da hannu, domin gumi da maiƙo suna ɓata awo.