Kayan Barka Daga Hannunmu: Jawabin Shugabar Mata Ga 'Yan'uwa Na Gonin Gora

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na Gonin Gora, Buwaya, Kakau, Unguwar Romi da duk inda wannan saƙo ya iske ku. Wannan shi ne jawabin da na yi a zamanmu, an rubuta shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wadda ta karanta, don Allah ta karanta wa maƙwabciyarta.

Yau ba maganar kamfe zan yi ba. Maganar barka zan yi, domin akwai abin da ke faruwa a unguwanninmu wanda kowa ta gani amma an yi shiru. Tun da kuɗin mai ya tashi a 2023 komai ya bi shi, mata sun fara gudun gidan haihuwa. A haihu a layinku, ki ji kukan jariri ta katanga, amma ki kasa shiga har a yi suna, saboda ba ki da kuɗin famfas ko kayan jarirai na kanti, kina jin kunyar shiga hannu rabbana. Ita kuma maijego tana kwance tana lissafi: wance ba ta zo ba, wance ma ba ta leƙo ba. Ba ta san talauci ne ya ɓoye ki ba, ta ɗauka gaba ce. Haka zumuncin shekara goma yake mutuwa a kan ledar famfas guda. Kuma lokacin ne fa mace ta fi bukatar a shigo a duba ta, a ga ko jini ya tsaya, ko ƙafa ta kumbura, ko tana cin abinci.

To abin da nake so mu dawo da shi shi ne kyautar da aka yi da hannu. Iyayenmu ba da kayan kanti suka yi zumunci ba.

Mu fara da ƙyalle. Manyanmu a nan sun san lokacin da Kakuri take Kakuri, masaƙu suna aiki dare da rana, atamfa ba ta gagari kowa ba. KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta biyo baya a 2007, mazan da yawa daga cikinmu a nan suka rasa aiki. Yanzu turmin atamfa sai an yi shawara da maigida. Amma ku leƙa shagon kowane tela, a bakin titin nan namu ko Sabon Tasha ko Kasuwar Barci, musamman gab da Sallah da Kirsimeti. Ƙyallaye ne buhu-buhu, wasu ma ƙonawa ake yi. Ki roƙi telanki ya tara miki. Ki zaɓi na auduga, ban da leshi da mai duwatsu, suna kartar fatar jariri. Ki wanke su sitacin ya fita, ki yanka daidai faɗin tafin hannu, ki harhaɗa, sannan ki yi masa shafi da tsohon zani mai laushi wanda ya sha wanki. Kin samu abin shimfiɗar jariri ke nan. Ko ba ki da keke, allura da zare sun isa, sai dai ya ɗauke ki 'yan kwanaki. Dogon yanki kuma a ninka a kalmashe bakinsa, ya zama majanyi. Ƙananan da suka rage a yi tsummokin goge tumbuɗi, kamar guda shida a ɗaure wuri guda. Duk wadda ta taɓa goyo ta san waɗannan ba sa yin yawa a ɗaki.

Masu saƙar kwarashi, ku naku mai sauƙi ne. Ƙullin ulu ɗaya ko biyu ya fitar da hula da safa, kuma jaririn da aka haifa cikin hunturu ya fi bukatarsu a kan rigar kwalliya. Sai dai kar a sa wa hular doguwar igiya, kar a liƙa maɓalli ko dutsen ado.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan abinci, don a ganina shi ne kyautar da ta fi kowace. Rigar kanti wata biyu jariri ya fi ƙarfinta, amma uwar da ba ta ƙoshi ba, nono ma ba zai wadata ba. Ki daka mata yajin jego, citta, kanumfari, masoro, kimba da barkono daidai misali, ki zuba a kwalba mai murfi. Ki haɗa da daddawa, garin kuka, busasshiyar kuɓewa. Wallahi wadda aka kai wa wannan ta huta da cefanen miya na kwanaki. Ko kuma ranar da baƙi suka watse, bayan suna da kwana biyu, lokacin da kowa ya manta da ita, ki dafa fate ko farfesu ki aika. Wannan ranar ce ake sanin 'yar'uwa.

Amma a kan kunu ina da jan kunne. A yi garin kunun gyaɗa, a yi na tsamiya, a rage kanwa. Na san wasu iyayenmu za su ce da kunun kanwa aka yi jegonsu kuma ga su nan garau. Allah ya ƙara lafiya, Mama, amma ba kowa ce ta tsira ba. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU Zariya suka yi bincike a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a yankin Zariya, suka danganta yawansa da shan kanwa mai yawa tare da zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciya ta wahala. Maijegon da kika ga ƙafarta ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, asibiti za a kai ta a ranar, ba ƙarin kunu ba.

Idan kuma yaron ya wuce wata shida, ga garin da ma'aikatan lafiya suke kira Tom Brown. Awonsa ba wuya: gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa. A tsince, a zubar da duk gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci, a jiƙa waken soya a cire ɓawonsa, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama har ya yi ƙamshi, sannan a kai inji. A zuba a roba busasshiya mai murfi. Ki rubuta a takarda ki liƙa: sai bayan wata shida. Kafin nan nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ba shi.

Akwai abubuwan da muke sawa a kayan barka da kyakkyawar niyya alhali cuta ne. Kafur ɗin da ake jefawa cikin kayan jariri don ƙamshi da korar kyankyaso, a daina. Akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, yana fasa musu ƙwayoyin jini ya kawo shawara mai tsanani, idon ya yi rawaya, wani har ƙwaƙwalwa take taɓuwa. Kwalli na dutse sau da yawa akwai dalma a cikinsa, kuma mun ji abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ne. Zuma kuma a ba uwa, ban da yaron da bai shekara ba. Turaren wuta da humra kyauta ce mai kyau, mu ma muna so, amma a turara ɗaki lokacin da jariri ba ya ciki. Man kaɗe tsantsa, wanda ba a zuba wa turare ba, ya ishi fatarsa.

Ku kuma da kuka koyi haɗa sabulun ruwa, madalla, galan ɗaya kyauta ce babba ga mai wankin nafkin kullum. Amma sodar nan da kuke jiƙawa, kamanninta ɗaya da ruwan sha. Kar a zuba ta a robar ruwa ko ta lemo, kar a bar ta a ƙasa ko na minti ɗaya. Yaro ya kurɓa, maƙogwaro ya ƙone, wani sai an yi ta aiki a asibiti kafin ya iya haɗiye abinci. A haɗa lokacin da yara suke makaranta, a kulle sauran.

Sai wanda kowa ke mantawa da shi, wato yaron da aka yi wa ƙani. Jiya shi ne a baya, yau an sauke shi, kowa ya shigo jariri yake nema. Shi ya sa za ki ga yana ta rigima, har ya koma fitsarin kwance. Ki tafi masa da ɗan abu. 'Yar tsana ta ƙyalle, a cusa mata ragowar yanki, ido da baki a ɗinka da zare, ban da maɓalli. Ƙaramin zani ma a haɗa mata, ta goya tata kamar yadda Mama ta goya jariri. Namiji a yi masa mota da kwalin sabulu ko da karan dawa, kamar yadda yayyenmu suke yi a da. Idan tayoyin marafan kwalba ne, sai yaron da ya wuce shekara uku, don duk abin da zai shige bakin ƙaramin yaro zai iya shaƙe shi. Kacau-kacau kuma a zuba 'yan tsakuwa a ƙaramin duma ko roba, a toshe bakin yadda ba zai buɗu ba ko an buga da ƙasa.

Kuma ku bar yara su taɓa yumɓu. Mun cika cewa za su ɓata kaya. Ku ɗauko naira ashirin ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya, Ladi Kwali ce, Bagwariya, 'yar'uwar masu wannan ƙasa da muke zaune a kai. A wurin gwaggonta ta koya tun tana yarinya, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a 1954, ta je har Ingila da Amurka tana nuna aikinta, ABU ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ranar Asabar ki zauna da naki, ku gina 'yan tukwane da shanu, ku shanya a rana. Jan launi daga zoɓo, rawaya daga kurkur. Yaro ya kai wa kakarsa ko malamarsa abin da ya yi da hannunsa.

Ke kuma da za a kawo wa, ina da magana da ke. In 'yar'uwa ta miƙo miki majanyin da ta ɗinka, kar ki jefa shi bayan gado ki ɗaga na kanti kina nuna wa mutane. Ta yi kwana uku a kansa bayan ta gama aikin gidanta. Ki goya yaron da shi ta gani. Masu hali kuma, ba a ce ku daina sayen famfas da atamfa ba, Allah ya ƙara buɗi, sai dai a daina shelar wa ya kawo me a tsakar gida.

Ga abin da muka tsayar. Kowace unguwa, shugabar mata ta wurin ta nemi mutum biyu masu ɗinki, ɗaya mai saƙa, ɗaya mai haɗa gari, a riƙa ajiye kaya ko da na haihuwa biyu ne a shirye. In an haihu, Musulma ce ko Kirista, 'yar jam'iyyarmu ce ko ba ita ba, a ɗauka a tafi tare, wadda ba ta da ko sisi ma ta bi sahu. Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu za mu haɗu inda muka saba. Kowa ta zo da almakashi, allura, zare da ƙyallayen da ta samu, masu keken hannu su taimaka su ɗauko. Wadda ta san mai cikin da watanta ya kama a layinsu, ta sanar da shugabar unguwarta a keɓe, ban da turo suna a nan. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a.