Kada Mu Toshe Bakin Tafinta



Duk wanda ya yi noman rani a Kura ko Bunkure ya sani, idan aka sakar wa fangali ruwan Tiga fiye da cikinsa, sai ya fasa kunya ya malale shukar maƙwabci. To, haruffa ma haka suke yi a cikin kwamfuta.

Wayoyin Android da ke aljihunmu suna tafiya ne bisa Linux, jigon manhaja da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 da harshen C. A harshen nan akwai umarnin strcpy, mai kwafe haruffa daga wani gurbi zuwa wani, ba tare da auna gurbin ba. In suka yi yawa, sai su zube kan bayanan da ke kusa, ta nan kuwa ɓarawo kan shiga. Ɗan'uwansa strncpy yana aunawa, amma in gurbi ya cika ba ya sa alamar ƙarshe.

Saboda haka tun 2018 GCC, wato tafintan da ke mayar da rubutun C harshen na'ura, yake gargaɗi a kan wannan. Waɗansu sukan toshe masa baki don aiki ya wuce. Gyaran gaskiya shi ne strscpy, wanda aka shigar a Linux a 2015: yana aunawa, ya sa alamar ƙarshe, ya kuma faɗa in ya datse wani abu.

Gobe mu za a damƙa wa irin wannan aiki. Wanda ya ga kunya na tsatsa ya kau da kai, shi zai biya maƙwabci hasararsa.