Tarin Da Ya Wuce Mako 4 Ba Na Sanyi Ba Ne

Jawabin malamin asibiti ga iyaye a Kwalkwalawa



A huhun yaro akwai ƙananan hanyoyin iska. Idan ciwo ya daɗe a cikinsu, sai su saki, majina ta taru. In an gano da wuri, ana shawo kansa. In ɓarnar ta yi nisa, ba ta gyaruwa.

Me ke kawo ta? Ƙyanda, tarin shiƙa, tarin fuka, da ciwon huhu da ba a gama maganinsa ba. Gyaɗa ma kan sarƙe yaro, ta maƙale ciki. Hayaƙin icce yana ƙara tsananta abin.

Ga babbar alama: tari mai majina kullum, har ya wuce mako 4. Ƙaramin yaro ba ya tofarwa, haɗiyewa yake yi. Don haka ku saurari ƙarar tarin.

Kada ku ce sanyin gulbin Rima ne. Ku kai shi asibiti. In an tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo don hoton ƙirji, ku je. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati.

Kada ku manta allurar ƙyanda: wata 9 da wata 15.

Allah ya raya mana zuri'a.