Kalmar education: gaɓoɓinta da inda ƙarfin murya yake sauka



Kalma ɗaya muka zo da ita yau, wadda ke rubuce a ƙofar kusan kowane ofishin da muke zuwa bin haƙƙinmu: education. Kullum tana bakinmu, amma ba safai muke tsayawa mu warware ta a gaban ɗalibai ba.

Haruffanta tara ne, gaɓoɓinta huɗu. Ƙamus yana yanka ta ed-u-ca-tion, baki kuwa yana fitar da ita kusa da e-ju-kei-shan. Yaron da ya fara karatu da Hausa ya saba da cewa abin da aka rubuta shi ake furtawa, saboda haka idan ya ga -tion sai ya ce ti-yon, ya mai da gaɓa ɗaya biyu. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, ƙa'idar harshensa ya bi, kuma bulala ba za ta gyara masa ba.

Tushen kalmar daga Latin yake, educare, wato reno. Daga nan aka sami aikatau educate, sannan ɗafa-ƙeyar -ion ta mai da shi suna. A nan ne wahalar take. A educate, ƙarfin murya yana kan gaɓar farko. Da zarar ɗafa-ƙeyar ta shigo, sai ya koma ta uku, kei. Mu Hausawa da karin sauti muka saba, hawa da saukar murya, shi ya sa muke ba kowace gaɓa haƙƙinta cikakke. Ingilishi kuwa gaɓa guda yake fifitawa, ya raunana maƙwabtanta.

Sauƙin abin shi ne akwai doka: ƙarfin yana sauka ne a kan gaɓar da ta zo daf kafin -tion ko -sion. Haka yake a examination, haka a promotion da muke jira shekara da shekaru, haka a pension da station, waɗanda magabatanmu suka mai da fansho da tasha.

Jarrabawar WAEC tana da sashen furuci, inda ake tambayar ɗalibi wace gaɓa ce ke ɗauke da ƙarfi, kuma yaranmu suna zubar da maki a nan ba gaira ba dalili. Roƙonmu shi ne kafin mu rubuta sabuwar kalma a allo, mu furta ta tukuna, yara su tafa hannu sau ɗaya ga kowace gaɓa, su buga benci idan sun iso kan mai ƙarfin.