Shanyewar ɓarin jiki da kwanciyar aure

Jawabin da wani ma'aikacin lahiya ya yi wa ƴan makarantar yaƙi da jahilci

Ku yi mini haƙuri, maganar yau mai nauyi ce. Amma ta kashe aure da yawa, dole a faɗe ta.

Kun san ciwon shanyewar ɓarin jiki. Jijiyar jini ce take toshewa ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa. Babban dalilinsa shi ne hawan jini, wanda muke ce ma tansiyo. Bayan wata biyu ko uku, mai gida ya samu sauƙi, har yana zuwa masallaci da sanda. Sai ya tarar gabansa ba ya tashi. Ya yi shiru. Uwargida ta ce amarya ta yi sammu, amarya ta ce uwargida ce. Kuɗin gero su ƙare wurin boka.

Ba sammu ba ne. Gaban namiji da jini yake tashi. Tansiyo, ciwon sukari da shan taba suna ƙuntata jijiyoyin jini, na kai da na gaba duka. Ga gajiya, ga baƙin ciki, ga tsoron kada ciwon ya dawo a kan shimfiɗa. Wannan tsoron ya yi yawa. In tansiyo ya daidaita, kuma kana iya tahiya da sauri ba ka haki, wahalar kwanciya ba ta wuce wannan ba. Ka tambayi likita ya tabbatar maka.

Wasu magungunan tansiyo ma suna rage ƙarhi. Nan ne haɗari yake. Mutum ya lura da haka, sai ya bar shan magani a ɓoye. Tansiyo ya hau, ciwo ya sake bugunsa, na biyu kuwa yakan hi na farko muni. Kada ka bar maganinka. Faɗa ma likita, yana iya canza maka wani.

Sai ƙwayoyin ƙarhin maza da ake talla ranar kasuwa. Maganin gaskiya akwai shi, ana kiransa Viagra, ya hito a 1998. Amma likita yakan jira kamar wata 6 bayan ciwon kahin ya ba da shi. In ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya, jini yana faɗuwa, mutum ya suma, yana iya mutuwa. Mai talla bai auna jininka ba. Wasu ma suna daka ƙwayar su gauraya da garin gargajiya.

Mata, ku ma ciwon yana taɓa ku: sha'awa ta ragu, jiki ya bushe. Unguwarzoma ta gidan likita tana sauraren wannan magana.

Mai ciwo ya kwanta a kan ɓarin da ya shanye, hannun mai lahiya ya zama a sama. A zaɓi lokacin da aka huta, kada a yi gaggawa.

In bakinka ya yi nauyi gaban likita, ai ka koyi rubutu. Rubuta a takarda ka miƙa masa.

Wassalamu.